Kwamfutar Yaya da Labulen 'Yar Gwaggo

Kwamfutar Yaya lafiyarta ƙalau kafin in sa mata hannu. Tana da nawa, wannan ban musa ba. In ka kunna ta, sai ka je ka yi alwala ka dawo kafin ta gama buɗe ido. Amma ba ta taɓa tsayawa a tsakiyar aiki ba. Ni ne na tasa Yaya a gaba da surutu, safe da yamma, har ya gaji ya ce in je in ƙara mata ƙarfin ko ya huta da bakina.

Shekara ta biyu ke nan da aka ba mu jiha. Gusau ta cika da masu neman aikin gwamnati da masu neman kwangila, kowa da takarda a hannu yana cigiyar inda za a buga masa. Yayana ya kama wani ɗan shago mai rufin kwano a gefen tasha, tsakanin wani tela da wani mai shayi, ya sa kwamfuta ɗaya da firinta, aiki kuwa ya fi ƙarfinsa. Ni ina koyar da lissafi a wata sakandare, na taɓa yin ɗan kwas ɗin kwamfuta a Kaduna, kuma a lokacin ji nake duk faɗin Zamfara babu wanda ya san cikin injin nan kamata. Na je Kano na sayo sabon allon ciki, da ƙarin memori, da sabuwar ƙwaƙwalwa, wato ɗan guntun abin nan mai ƙafafu barkatai da ke yi wa injin duk lissafinsa. Mai kayan ya ce fankar da ake ɗora wa sabuwar ƙwaƙwalwar ta ƙare masa, in dawo wani mako. Wa zai sake hawa motar Kano saboda fanka? Na ce ai tsohuwar tana nan tana juyi, fanka fanka ce. Na dawo na ɗaure ta a kai da waya, na rufe akwatin.

A makon nan ne 'yar Gwaggo ta zo daga Tsafe.

Gwaggo ƙanwar babanmu ce, don haka 'yarta taubashiyata ce, kuma tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba a yi tsiya ba. Ni in kira ta 'yar ƙauye, in ce a gidansu da tsakuwa ake tuwo. Ita kuma tun da na dawo daga Kaduna ta laƙaba mini Injiniya, tana jan kalmar tana karkace baki, yadda kowa zai gane ba yabo ba ne. Bakinta ya fi nawa kaifi, gaskiya, sau da yawa ni ke gudu. An yi mata aure da wani direba, mutumin kirki, ba su cika shekara ba ya rasu a hatsari a hanyar Funtuwa. Bayan ta fita takaba ta koyi buga tafireta a wajen wani tsohon akawu maƙwabcinsu, hannunta ya yi sauri, shi ne Yaya ya roƙi Gwaggo ta ba shi ita ta zauna wajen matarsa, ta riƙa kama masa aiki.

Gwaggo ta yarda, amma da sharaɗi. Ta ce ba za a baje mata ɗiya a gaban 'yan tasha ba. Yaya ya kira kafinta ya yanke lungun shagon da katakon filawud, tun daga ƙasa har kusa da kwano, aka huda 'yar taga ta miƙa takarda, matar Yaya kuma ta ciro wani labule mai kauri daga ɗakinta aka rataya a ƙofar. Aka shigar da kwamfuta ciki. In 'yar Gwaggo ta shiga sai ta saki labulen, babu mai ganinta, sai ƙarar kibod kake ji kamar ana zuba gero a kwano. Kowa ya yaba wa Yaya, aka ce ya san mutunci.

Kwanakin farko injin gudu yake yi, ni kuma kaina ya ƙi shiga hula. Sai bazara ta kankama, ya fara abin da muka riƙa kira suma. Ana cikin bugawa sai komai ya daskare, kibod ya ƙi ji. Wani lokaci fuskar kwamfutar ta koma shuɗiya da wasu rubuce-rubuce, wani lokaci ya kashe kansa ya sake tashi, duk abin da ba a adana ba ya tafi. Mutum ya zauna a benci yana jiran takardarsa tun hantsi, a ce masa sai an sake daga farko.

Wata rana na taso daga makaranta na tarar ya sume mata, Yaya yana ta faɗa shi kaɗai, tela da mai shayi da wasu masu jira suna zaune a bencin ƙofa. Kunya ta kama ni, don kowa ya san ni na taɓa injin. Ni kuwa in kunya ta kama ni bakina ke buɗewa. Na ɗaga murya yadda za ta ji ta bayan labule, na ce, "Ke 'yar ƙauye, anya ba farar ƙafa gare ki ba? Daga zuwanki injin mutane ya fara farfaɗiya!"

Ta leƙo ta taga tana dariya, ta ce, "Ji Injiniya! An ba ka mai rai ka mayar da shi majinyaci, yanzu kana neman wanda za ka shafa wa."

Mai shayi ya yi dariya, Yaya ma ya murmusa. Tela ne bai yi ba. Ya cire allura daga bakinsa, ya sunkuyo wajena ya rage murya: "Malam, wagga ba ita ce wadda mijinta ya rasu ba su shekara ba?"

Na ce ita ce, Allah Ya ji ƙansa. Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Allahu akbar." Na ji wani abu ya ɗan soke ni, amma na share, na shiga duba injina. Wasan taubasai ne, a gidanmu an faɗi abin da ya fi wannan an ci tuwo tare. Na manta cewa bencin tasha ba tsakar gidanmu ba ne, kuma farar ƙafa ba kalmar da ake jifan bazawara da ita ba ce, don ma'anarta macen da duk inda ta taka arziki ke gudu.

Babu abin da ban yi wa injin nan ba. Na zare memorin ɗaya bayan ɗaya ina gwadawa, na goge bakinsu da magogin fensir na mayar. Na ce ƙwayar cuta ce daga faya-fayan da ɗalibai ke kawowa, na hana a karɓi faifan kowa, na share komai na sake zuba manhaja tun daga tushe. Na ce wuta ce ke hawa da sauka, na sa Yaya ya sayo sitabilaiza. Na sauya wayoyin ciki, na hure kowane lungu. Na ɗauki akwatin a bayan babur na kai ɗakina, na buɗe shi na bar shi yana aiki wuni guda, ko tari bai yi ba. Na mayar shago, washegari da azahar ya sume.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, a hannuna ba ya yi. In na zo bayan la'asar sai 'yar Gwaggo ta tashi ta ba ni wuri, in naɗe labulen in ɗora a kan filawud, don ni ba wanda zan ɓuya wa, in cire murfin akwatin in yi ta bugawa ina jiran ya tsaya. Ina! Yaya ma kan yi aiki da sassafe kafin ta iso, labule a naɗe, bai taɓa sume masa ba. Ni ina ganin wannan a matsayin ciwon kai na sana'a. 'Yan benci kuwa suna gani, suna kuma lissafinsu daban.

Tun ana yi a ɓoye har abin ya fito fili. Firinta ta cinye takarda, aka ce ita ce. Allurar keken tela ta karye, ya dubi bangon da ya raba su. Masu neman aiki suka fara kiran Yaya gefe suna cewa, "Alhaji, don Allah kai za ka buga mini da hannunka, takardar neman aiki ce, ka gane." Wani ma ya karɓi tasa, da ya ji ita ta buga, ya yayyaga ya ce a sake. Na zage shi tas, na kusa cin kwalarsa, Yaya ya shiga tsakani. Duk wanda na tsawatar wa sai ya ce, "To Malam, ai a bakinka munka ji." Wallahi duk ranar da aka faɗa mini haka abinci ba ya wuce mini.

Ga shi kuwa a lokacin akwai maganar aure a kanta. Wani mai sayar da hatsi ne daga Bungudu, dattijon mutum mara hayaniya, matarsa ta rasu ta bar masa yara ƙanana. Ya kawo takarda a buga masa, ya ji muryarta ta taga tana gyara masa wata kalma cikin ladabi, ya tambayi Yaya ko 'yar wa ce. Ita ma tana sonsa. Na san haka don duk ranar da zai zo sai ta sa lalle, in na tsokane ta ta ce in je in ji da majinyacina. Manyansa sun riga sun je Tsafe gaisuwa, saura a sa rana. Tasha kuwa motocin Bungudu a nan suke lodi, abin da aka faɗa a bencinmu da hantsi kafin la'asar ya isa can.

Sai na yanke shawarar da nake gani ta masu ilimi ce. Na ce zan kashe maganar a bainar jama'a. Na sake sauya memorin gaba ɗaya, na gwada injin kwana da kwanaki da yamma bai yi komai ba, na tabbata na gama da shi. Ranar wata Asabar na tara su: tela, mai shayi, wasu direbobi. Allah Ya kawo mai hatsin, tare da wani kawunsa da ya rako shi kasuwa, na ce madalla, su ma su zauna. Yaya ya ja ni gefe ya ce, "Anya? Ka bar abin nan ya mutu da kansa." Na ce ya bar ni, na san abin da nake yi.

Na zauna na yi ta bugawa tun hantsi har rana ta take, labule a naɗe, suna kallo. Lafiya lau. Na miƙe na ce, "Kun gani? Gyara ne, an kuma yi. 'Yar Gwaggo, zo ki zauna, su ga ƙaryarsu." Ta dube ni, kallon da ban gane ba sai daga baya. Ba ta so. Amma ta gyara mayafinta ta wuce ta gaban mazan nan kanta a ƙasa, ta shiga, ta saki labule kamar kullum. Muka ji kibod ya fara. Ina ta zuba, ina yi wa tela ba'a, ina cewa in ya ga dama ya kawo kekensa ma in gyara masa. Mai shayi ya zuba wa kawun shayi. Can sai ƙarar kibod ta ɗauke.

Na ji ta danna wani abu sau biyu, sau uku. Sai injin ya yi ɗan kukan nan da yake yi in ya kashe kansa ya tashi.

Ta ɗaga labule ta fito, fuskarta sharkaf da gumi, mayafin ya manne mata a wuya. Ba ta dubi kowa ba, ta durƙusa gaban Yaya ta ce, "Yaya, a yi mini izini in koma gida." Kawun ya ajiye kofinsa bai shanye ba, ya ce wa mai hatsin rana ta yi, su kama hanya. Mai hatsin ya tsaya kamar zai yi magana, sai ya bi bayansa. Ni kuwa ina tsaye da baki buɗe, na tara mutane da hannuna na nuna musu abin da suke son gani. Washegari ta hau motar Tsafe. Ba a yi mako ba saƙo ya zo daga Bungudu cewa a ɗan dakata da maganar sa rana tukuna.

Kuma injin ya daina suma. Ya daina ɗungurungum! Yaya ke aiki da safe, ni in karɓe shi in na taso, labule a naɗe a kan filawud babu mai taɓa shi. Tela ya samu abin yi. Kullum sai ya leƙo ya ce, "Malam, ya jikin majinyacin? Ya warware ko? Ikon Allah, tun da anka sauya hannu." Har ni kaina na fara jin tsoron tunanin da ke zuwa mini.

Wata Asabar da tsakar rana ina bugawa, telan ya zo ya tsaya a kaina da wannan magana tasa. Raina ya ɓaci, na ce, "Don Allah Malam ka je ka ji da ɗinkinka," na fizgo labulen na sake shi a fuskarsa. Na ci gaba da aiki ina huci. Ba a jima ba na ji riga ta manne mini a baya. Kwano a sama yana zubo wuta, filawud ta ko'ina, iska ko ta kunna ashana babu. Gumi ya riƙa ɗiga daga haɓata a kan kibod. Ina cikin cewa wannan wane irin kurkuku ne, sai rubutun ya daskare a gabana, fuskar ta koma shuɗiya.

Na zauna ina kallonta. Sannan na kwance murfin akwatin da sauri na kai yatsa kan ƙarfen da ke bisa sabuwar ƙwaƙwalwar. Na janye da ihu, sai da yatsan ya yi bororo. 'Yar tsohuwar fankata tana ta juyi, ba ta iya komai ba. Sabuwar ƙwaƙwalwa ta fi tsohuwar zafi nesa ba kusa ba. In labule na naɗe, ko murfi na buɗe, ko da sanyin safiya, tana samun iskar da za ta lallaɓa. In aka saki labule da rana sai ta dahu. A cikinmu kuwa mutum ɗaya ce ke sakin labule.

Na sake gwadawa har sau nawa, in naɗe ya yi aiki, in saki ya sume. Na kira Yaya ya shiga ya zauna da kansa, ya fito yana sharce gumi yana salati. Abin da ya fara faɗa ba maganar inji ba ce. Cewa ya yi, "A cikin wannan wutar yarinyar nan take wuni?" Haka ne. Makonni tana zaune a ciki tun hantsi har la'asar, ba ta taɓa cewa akwai zafi ba, don an ce mata an yi ne saboda mutuncinta. Ni da ke shiga kullum ina naɗe labulen don in sha iska, ko sau ɗaya ban tambayi kaina yadda take yi ba.

Na ba wani direba saƙo ya sayo mini fankar daga Kano, na ɗora, kafinta ya huda filawud ta sama da ƙasa. Na jawo tela da hannunsa na zaunar da shi a ciki na saki labule, na nuna masa tsohuwar fanka da sabuwa. Ya saurara, ya ce, "To, Allah Ya kyauta," ya koma kan kekensa. Na ga alamar bai ɗauki komai ba.

Na sa tsohuwar fankar a aljihu na hau motar Bungudu. Na sami mai hatsin a rumfarsa ana auna dawa. Ya karɓe ni hannu biyu, ya saurare ni har na gama, ya ce shi dama bai taɓa yarda da zancen ba, amma magana tana hannun tsohuwarsa, ita ke riƙe da yaran a ƙauyen Rawayya. Ya ɗauke ni a babur muka je. Hajiyar tana zaune a inuwar rumbu tana tsinke zogale, ta sa aka dama mini fura. Na durƙusa na fito da fanka, na yi bayani dalla-dalla, zafi da iska da labule, kamar ina gaban aji. Ta karɓi fankar ta juya ta da yatsa, ta miƙo mini.

Ta ce, "Yaro, ni ban san inji ba. Amma labulen nan, don wa anka rataya shi?"

Na ce don ita.

"To ka gani. Da ba ta zo ba, da ba a rataya ba."

Na ce, "Hajiya, ba haka ba ne, laifina ne, ni ne ban sa fankar da ta dace ba."

Ta ce, "An ce mini ma kai ka fara faɗin maganar."

"Wasa ne, Hajiya. Taubashiyata ce."

Ta dube ni, ba da faɗa ba, har da ɗan tausayi. Ta ce, "Na san wasan taubasai, ni ma na yi. Amma ɗan'uwanta na jini ya faɗa a gaban mutane, sannan ya tara mutane ya gwada anka gani. Yanzu ni bare, da marayu a hannuna, ni zan ce ƙarya ne? In wani abu ya taɓa ɗayansu, mi zan ce wa dangin uwarsu?" Ɗanta yana tsugune a gefe yana zane ƙasa da tsinke. Na sha furar don kada a ce na raina, amma ban ji ɗanɗanonta ba.

Tsafe ce ta fi yi mini wuyar zuwa. Sai da na yi ta ɗagawa, Yaya ya ce in ban je ba shi zai kai ni da mari. Na tarar Gwaggo ta tafi 'Yandoto gaisuwar rasuwa, 'yar Gwaggo ita kaɗai a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta rame. Na yi sallama ina jiran ta ce ga Injiniya ya zo kashe musu rediyo. Sai ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta koma nesa ta ce, "Malam, an zo lafiya? Ya su Yaya?"

Malam. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na fito da fankar na ajiye a kan tabarma, na faɗa mata komai. Wannan karon ban yi kamar ina aji ba. Ta daina ɓarar gyaɗar. Da na gama ta ce, "Kai ka zauna a ciki?"

"Ni na zauna."

"Ka saki labule?"

"Na saki."

"Ya mutu a hannunka?"

"A hannuna ya mutu. Ya mutu a hannun Yaya ma. Wallahi ko limamin Juma'a aka zaunar a wurin sai ya mutu."

Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka dariya ce, na fara murmushi, ashe kuka take. Da ta lafa ta ce, "Tun da na dawo ban shiga rumbun Inna ba, ita ke ɗebo hatsi da kanta. Maƙwabciyarmu ta haihu, na ƙi ɗaukar jaririn, na ce mura nake yi. Kwana nake ina tunanin marigayi, ina cewa ko da bai aure ni ba da yana nan."

Ban taɓa kawo wa raina cewa ita ma ta yarda ba. Duk zirga-zirgar da nake yi, tela nake son in gamsar, da Hajiya, da 'yan tasha. Na ce ta yafe mini. Na ce ta dawo, an huda filawud, Yaya ya ce har fankar tsaye zai saya mata.

Ta ce ta yafe, duniya da lahira. Gusau kuwa ba za ta koma ba. Ta ɗauki 'yar fankar ta dube ta, ta ce in bar mata, za ta nuna wa Inna. Sannan ta ce, "Abu ɗaya nake so. Ka koma tashar nan ka faɗi wannan da irin muryar da ka faɗi waccan."

Na faɗa. Na faɗa a benci, na faɗa a wurin mai shayi, na faɗa wa direbobin Bungudu ɗaya bayan ɗaya har suka fara kauce mini in sun hango ni. Maganar fanka ba ta da daɗin ɗauka, babu wanda ya kai ta ko'ina. Bayan kaka mai hatsin ya auri wata daga garinsu. Injin ya yi wa Yaya aiki shekaru bai sake suma ba, duk wanda ya tuna sai ya ce ai tun da yarinyar nan ta tafi.

Ta yi aure daga baya, can wajen Katsina inda ba a san zancen ba, tana da 'ya'ya har da jikoki. Muna haɗuwa a biki da suna. A bikin autar Yaya na hango ta cikin mata tana yi wa wani taubashinmu tsiya, ana ta shewa, bakin nan nata yana nan yadda na san shi. Na matsa kusa, na yi ƙarfin hali na ce, "'Yar ƙauye, an shigo birni?"

Ta juyo, ta ɗan rusuna, ta ce, "Malam, ina wuni? Ya iyali?"